Saura Yatsu Uku

A ofishin hasashen yanayi akwai wani mai sanƙo, gilashinsa ɗaure da zare, kai ka ce malamin lissafin da ɗalibai suka guje wa. Hoton tauraron ɗan'adam yake kallo a kwamfuta, inda hayaƙin gobarar wani daji mai nisa ke rarrafowa kan taswira. Ya manna ɗan tef daidai wani gari, yana auna tazarar da yatsunsa. Ɗazu yatsu huɗu ne tsakanin hayaƙin da garin, yanzu uku.

Ya ɗauki waya ya kira mahaifiyarsa da ke garin. "Mama, ki rufe tagogi, ki ajiye maganin asmarki kusa."

"Kai dai da tsoro! Sama tas take," in ji tsohuwar, tana dariya har da tari.

Shi bai dara ba. Hannun riga ya sa yana goge fuskar kwamfutar, kamar hayaƙin zai fita.