Neman Kaka Sani a Rusaifa

Kano zuwa Jidda

Tun kafin asuba na bar gida. Umara ce a bakina, amma a zuciya Kaka Sani nake nema, ƙanen kakana haifaffen Makka, mazaunin unguwar Rusaifa. Da shi aka buga gasar ƙwallon ƙasashen Larabawan bakin teku tun tana rarrafe, mai tsaron baya ne. Ya taɓa ce min a kan rairayi suka yi wasa, ƙasashen ma ba su kai yatsun hannu ba. Da na nemi ƙari sai ya ce, "Labari ba ya daɗi a waya. Ka zo."

Jidda zuwa Makka

Direban tasin Bahaushen unguwar Shisha ta Makka ne, Hausarsa rabi Larabci. Da muka wuce shingen bincike ya ce, "Rusaifa ko Harami, Alhaji?"

Na ce, "Ɗakin Allah tukuna. Ba na shiga gidan mutane da ihrami a jiki."

"Halas, shi ke nan," in ji shi.

Harami

Ana idar da magariba aka yi kiran sallar gawa. A nan ba a faɗin sunan mamaci. Na bi liman kabbara huɗu, na ƙarasa umarata, na nemi masauki ina ta jera tambayoyin gobe.

Rusaifa

Washegari da hantsi na tarar da takalma jibge a ƙofar gidan Kaka Sani, ana zagayawa da gahawa. Na yi sallama na shiga. Usman, babban ɗan Kaka, ya riƙe hannuna.

"Ina ka yi magariba jiya, ɗana?"

"A Harami, Baba."

"Alhamdulillahi. Ashe ka sallace shi. Bayan azahar ya cika, yana tambaya ko jirgin Kano ya sauka."

Na yi kuka kamar yaro. Wasu tsofaffi suka so rarrashina da zancen gasar. Wannan ya ce Kaka ya buga duk wasannin, wancan ya ce ɗaya tak, suka kaure da musu. Mai raba gardamar yana kabari.

Gida

Na iso Kano lafiya, ina godiya ga iyalin Rusaifa da suka riƙe ni. Yara suka kewaye ni, wai me Kaka ya ce. Na ce tarihin ya tafi da mai shi. Amma na gode wa Allah, a sallar gawar nan ban san wa nake roƙa wa gafara ba, kuma da gaske na roƙa.