Inda Mai Littafi Bai Yi Ƙarya Ba

Da asuba, kafin manyan motoci su yi layi, za ka tarar da Ishaya zaune kan buhu a filin awon gyaɗa na Damagaram, basilla a hannu, yana ɗinke bakunan buhunan da aka cika jiya. Ba ya sauri. Buhun da ya ɗinka kuma ba ya zubewa a hanyar Kano.

Kirista ne, a wurin 'yan mishan ya koyi karatun Hausa da boko. Yaran lakwal, makarantar gwamnati, Faransanci suka sani, malamai kuma ajami. Saboda haka ranar da wani direba ya zo daga Kano da wasu ƙananan littattafai biyar a ɗaure, duk filin Ishaya kaɗai ya iya furta abin da ke ciki. Direban ya bar masa su.

Labari ɗaya ne aka yayyanka, na wani Alkasum da ya shiga ƙasar aljanu neman takobin ubansa. Ishaya ya kai su gida yana karanta wa matarsa Rut, wadda idonta ya soma dushewa. Karatun farko daɗi kawai ya ji. Da suka ƙare suka sake komawa na ɗaya, sai ya fara tsayawa.

"Tsaya tukuna. Ya ɗaure doki a bakin kogo, ya shiga ya shekara bakwai. A littafi na uku ya fito ya hau abinsa. Wa yake ba dokin ruwa?"

"Malam, kai aka bar wa kiwonsa?" in ji Rut. "Mutumin da ke magana da kifi, ruwan doki ne zai gagare shi?"

"Maganar kifi na yarda, an faɗa mini tun farko. Dokin nan ba a ce aljani ba ne."

"To, ɗinke bakinka kamar na buhu ka karanta."

Haka suka yi shekaru. Duk kaka sai sun bi littattafan daga fari har ƙarshe, duk kaka kuma sai ya tono sabon aibi: ɗan'uwan da aka manta da shi tun littafi na biyu, tsohuwar da aka ce makauniya ce ta kuma gane baƙo daga nesa. Rut ba ta taɓa rasa amsa ba.

Shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa, da bazara, ana ƙarshen awon gyaɗa, sanƙarau ya ɗauke ta. 'Yarsu tana aure a Takieta, ta zo ta koma. Ishaya bai yi kuka a gaban kowa ba. Yana cin abin da aka ba shi, yana amsa gaisuwa, ya koma ɗaki ya kwanta.

Da kakar gyaɗa ta zagayo, ya zo fili da littattafan cikin aljihun riga. Bayan la'asar, in an rufe ma'auni, 'yan dako sukan zauna jikin tarin buhuna ya karanta musu har a kira magariba. In ka cire wannan zaman, babu inda Ishaya ke buɗe baki ya yi magana mai tsawo a duk wuni.

Sai dai bai bar tsayawa ba. Ana tsakiyar faɗa da sarkin aljanu zai aje littafi a gwiwa, ya yi tambayarsa, ya jira. 'Yan dako su dubi juna. Ba wanda ya san ana so ya yi gardama irin ta Rut.

A lokacin ne wani mai kanti a bakin hanya ya kafa radiyo, yara suka fara zamewa can. Mai Nasara, sarkin 'yan dakon filin, ya sami Ishaya yana zare igiya.

"Baba Ishaya, yaran nan sun wuni da buhu a wuya. Labari suke so, ba shari'a ba."

"Ƙaryar fa, Sarki? In haɗiye ta?"

"Mu ma mun san ƙarya ce, Baba. Ba wanda ya zaci a unguwar Zango Alkasum yake kwana. Akwatin mai kanti ba ya tsayawa ya tambaye mu wa ya ba doki ruwa. Ka karanta tiryan-tiryan. In ka sake tsayawa, ba ni da bakin riƙe su."

Ishaya ya ce to.

Ya kuwa yi ƙoƙari. Ya karanta littafi na uku bai tsaya ba, muryarsa ba hawa ba sauka, kamar ta mai kiran nauyin buhu. Wuraren da ya saba tsayawa ya ƙetare su. Waɗanda suka zame suka dawo.

A tsakiyar na huɗu akwai inda Wasila, matar Alkasum, ta mutu. Layi ɗaya aka ba ta. A layi na gaba an ce gari ya waye, Alkasum ya ci abinci, ya ɗaura sirdi, ya kama hanya. A da nan ne Ishaya ya fi zagin mai littafin, yana cewa ba a yi mutumin da zai binne matarsa jiya ya iya haɗiye loma yau ba.

Ya karanta layin. Ya sake karanta shi. Ya aje littafin a gwiwa.

"Nan bai yi ƙarya ba," ya ce. "Haka ake yi. Ni ma kashegari na ɗinka buhu."

Ya jira. Habu, ɗan dakon da ya fi kowa son wurin faɗa, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Wasu suka bi shi. Mai Nasara ya ɗan ƙara zama don kunya, sannan ya ce bari ya je alwala. Kashegari ba a taru ba.

Mutum ɗaya ya rage, Modu, tsohon Babarbare mai tsaron filin, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Shi dama ba ya zuwa ko'ina.

Ganin ƙarshe da aka yi wa Ishaya a filin, ranar bikin 'yancin kai ne, da damina. Ba gyaɗa, ba motoci, gari duk ya tafi kallo, ana jin kiɗa daga nesa. Yana zaune ƙarƙashin rumfa, Modu a gefensa yana tauna goro. Ya karanta, ya tsaya, ya yi wa Modu wata tambaya. Modu ya gyaɗa kai. Ishaya ya ɗan jira, sannan ya lashi yatsa ya juya shafi.