Almakashin Anti Tela a Ƙofar Fili

Duk wanda ya shiga shagon Anti Tela hannunta yake kallo, domin a nan aikin yake. Ba mai kallon ƙafarta. Da an kalla, da an ga ba ta taka keken ɗinki yadda sauran teloli ke takawa. Takan taka sau uku a jere, ta ɗan saurara, ta ƙara biyu, sannan ta koma farko. Ko bakin zane take kalmashewa, ko hannun riga take haɗawa, takun ba ya canzawa. Kiɗan wata waƙa ƙafar take bi, ta wani mawaƙi da ake ce wa Mai Jita, wadda ta fara ji tana shekara goma sha tara a shagon matar da ta koya mata ɗinki.

Ranar da malamar ta yaye ta, abu biyu ta ba ta: kaset ɗin waƙar, da almakashi mai baƙar mariƙa. Rediyon da ke juya kaset ɗin yana nan har yau a kan kanta, tsakanin gwangwanin maɓallai da kwalbar man keke, an ɗaure murfinsa da ƙyalle. Almakashin kuwa ba ya kwana a shago. Kullum yana cikin jakarta, a nannaɗe cikin guntun yadi. 'Ya'yanta uku sun tashi sun san ana iya taɓa komai a gidan banda shi. Babban ɗanta ya taɓa yanka kwali da shi, yanzu shi ma yana da 'ya'ya, amma har gobe ba a daina tuna masa ba.

Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa shiga mota don kanta ba. In ta yi tafiya, to wani ne ya yi aure, ko ya haihu, ko ya rasu, kuma ba ta rasa yaro a cinya da kayan wani a ƙarƙashin ƙafa.

Wata Litinin wata mata ta kawo yadi a naɗe cikin tsohuwar jarida. Anti Tela na warwarewa sai ga hoton Mai Jita, ya tsufa, kumatu sun faɗa. Ita a zatonta ma ya daɗe da rasuwa. Sanarwa ce ta bikin kiɗa da waƙa na kwana biyu a wani birni mai nisan awa huɗu a mota. Shi zai hau dandamali ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, kuma an rubuta a ƙasa cewa daga wannan ya ajiye jita. Ta yanke sanarwar a tsanake, ta sa a aljihun jaka. Kafin Laraba ta sa an saya mata tikiti, an kama mata ɗaki a wani ƙaramin masauki. Ta tsara abinta: ta isa da sha biyu, ta yi wanka, ta miƙe a gado ita kaɗai ba mai kiran sunanta, ta tafi filin bikin da ƙarfe biyu don ta sami gaba.

Da ta faɗa wa maigidanta, sai ya ajiye kofin shayi.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To wa ya haihu?"

"Waƙa zan je ji, Baban yara."

"Waƙa? Ita wannan da ke shago ta ƙare ne?" Sai fuskarsa ta washe. "Af, ai ta kwana gidan sauƙi. Garin su Yaya ne. Sai ki tafi mata da tabaraunta da aka gyara."

Daga nan abin ya lalace. Yaya ita ce babbar yayar maigidan, kuma ba a kai mata saƙo a tsaye. Ranar Alhamis ƙanwar Anti Tela, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ta haura arba'in, ta shigo shago rungume da injin markaɗe.

"A can aka saya, a can za a gyara. Ki dai ajiye gidan Yaya, za a zo a karɓa."

"Auta, ba na ce miki kada ki faɗa wa kowa ba?"

"Wallahi ban faɗa wa kowa ba, Anti. Lauya kawai na faɗa wa."

Lauya 'yar Yaya ce, aikinta ya zame mata suna. Akwai rigarta a shagon, wadda aka yi da ita sai ƙarshen wata. Da yamma ta bugo waya, murya kamar zuma, wai tunda Allah ya kawo tafiya, kuma tana da liyafar wurin aiki ranar Asabar ɗin bayan magariba, ai sai a taimaka a ƙarasa. Anti Tela ta ce to. Ta kashe wayar, ta yi tsaki mai tsawo wanda ba wanda ya ji sai keken ɗinki.

Ranar Asabar ta shiga mota da injin markaɗe a cinya, daidai inda yaro ya saba zama. Direban ya tsaya shan mai, ya tsaya gyara taya, ya tsaya gaisawa da wani abokinsa. Ba su isa ba sai ɗaya saura. Ta so ta fara wucewa masauki, sai ga wayar maigida: Yaya tana jira tun safe, ba ta ko iya karanta lambar waya ba tabarau.

Yaya ta karɓi tabaraun, ta saka, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kin rame. Ƙanen nawa ba ya ba ki abinci ne? Zauna."

"Yaya, sauri nake, akwai inda zan..."

"Na ji labari. Wai kiɗa. Da girmanki, da jikokinki. Zauna ki ci abinci, kiɗan ba gudu zai yi ba."

Aka kawo shinkafa. Aka tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, da matansu, da ciwon ƙafar maƙwabciyar da Yaya ta taɓa gani sau ɗaya shekara goma da suka wuce. Agogon bangon falon yana saitin fuskar Anti Tela. Biyu ta yi, ta wuce. Sai biyu da rabi Lauya ta fito daga ɗaki sanye da rigar, tana jujjuyawa.

"Anti, ta yi kyau fa. Sai dai kamar nan wajen..."

Ba sai ta ƙarasa ba. Tun daga bakin ƙofa Anti Tela ta gani: kafaɗar hagu ta ɗan zame, domin Lauya ta rage ƙiba tun awon ƙarshe ba ta faɗa wa kowa ba. Wani ba zai lura ba. Da ta ce ta yi daidai, da an wuce wurin. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji hannunta ya riga ya shiga jaka. Rigar da ta fito daga shagonta ba za ta shiga taro da karkatacciyar kafaɗa ba, a tambayi wa ya ɗinka.

"Cire," ta ce.

Ta farke kafaɗar, ta rage, ta mayar da allurar hannu tunda gidan ba keke. Yaya na gefe tana ba da shawara. Da aka gwada, sai ta dama ta nuna ita ma tana so. Ta yi sallar la'asar a gurguje, ta fito huɗu saura kwata, ba wanka, ba gado, jakar kayanta ma a gidan ta bar ta.

Mai tasi ya sauke ta nesa da filin saboda cunkoso. Ta ƙarasa da ƙafa, ta bi layi a bayan samari da 'yan mata masu rigunan da ta ga laifin ɗinkin kowace. Tana cikin layin ta ji an yi sowa a ciki, sannan sautin jita ya taso, a dakushe, injin wuta na bayan katanga yana cinye rabinsa. Huɗu da minti goma.

A ƙofa wata ma'aikaciyar tsaro ta duba tikitin, ta buɗe jakar, ta warware guntun yadin.

"Mama, wannan ba zai shiga ba."

"Almakashi ne."

"Na gani. Shi ya sa."

"'Yar nan, dube ni da kyau. Wa zan yanka?"

"Doka ce, Mama. Ko ki jefa a nan, ko ki koma da shi." Ta nuna wani bokiti cike da reza, da ƙananan wuƙaƙe, da abin yanke farce.

"In na fito zan samu?"

"Abin da ya shiga bokiti ya shiga ke nan. Ba mu da wurin ajiya. Mama, matsa gefe, mutane na jira."

Anti Tela ta matsa. Ta dubi bokitin, ta dubi almakashin. Mariƙarsa ta sha hannu har baƙin ya koɗe daidai wurin babban yatsanta, kuma kafin nata yatsan, na malamarta ne ya fara cin wurin. Ta duba ko'ina: masu sayar da ruwa, masu sayar da hula, ba fuskar da ta sani. A ciki waƙa ta farko ta ƙare, aka tafa, aka shiga ta biyu. Ba tata ba ce, amma ba ta san ta nawa ce tatan ba.

Ta naɗe almakashin cikin yadinsa, ta ƙulle. Ta tuna injin markaɗen da ya kashe mata cinya awa biyar, da tabarau, da kafaɗa biyu. Shekara talatin da ɗaya tana ɗaukar saƙon mutane, ita ba ta taɓa ba kowa ko allura ya riƙe mata ba. Ta ciro waya.

"Lauya, kina ina?"

"Ina gida, Anti, yanzu zan fara kwalliya."

"Ajiye. Ki ɗauko mota ki zo ƙofar filin nan, ta gabas, kusa da masu ruwa. Saƙo zan ba ki."

"Yanzu? Anti, liyafar fa..."

"Liyafar ba gudu za ta yi ba. Tambayi uwarki, ita ta faɗa mini haka ɗazu. Minti goma sha biyar na ba ki."

Ta kashe kafin a amsa. Ba ta taɓa yi wa wani daga dangin miji magana haka ba. Ta jingina da katanga, ta kasa kunne. Waƙa ta uku. Ta huɗu. Duk sanda aka fara sabuwa sai gabanta ya faɗi, sai ta ji ba ita ba ce, ta sauke numfashi. Maigida ya kira sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Biyar saura minti goma Lauya ta iso da sauri, cikin sabuwar rigar, gira ɗaya a zane ɗaya ba a zana ba. Anti Tela ta damƙa mata ƙullin.

"Riƙe da hannu biyu. Kada ki buɗe, kada ki yanka komai da shi, ko zare. Ki tsaya nan har in fito."

"A nan? Cikin rana? Har yaushe?"

"Har ya gama."

Ba ta sami gaba ba. Can baya ta tsaya, kusa da wani turken fitila, tana leƙe ta tsakanin kafaɗun mutane. Mai Jita yana zaune a kujera, ƙanƙane, jitar kamar ta fi shi girma. Ya sha ruwa, ya ce saura ɗaya ya tafi gida ya huta. Ya taɓa igiyoyin.

Ita ce. Uku, a saurara, biyu. Ƙafarta ta ɗauka da kanta a kan ƙasa, amma sai ta ga ta riga shi. Ta sake farawa, ta sake riga shi. Da fari ta ce tsufa ne ya rage masa sauri. Sai ta lura masu ganga matasa ne, kuma dubban mutanen da ke rerawa tare da shi duk a hankali suke tafiya, ba mai gaggawa. Muryarsa ma ta fi ta kaset kauri nesa ba kusa ba. A nan ta gane: tsohon rediyonta ne ke juya kaset da sauri fiye da ƙima. Waƙar da ma can mai natsuwa ce. Ita ce ta shekara talatin da ɗaya tana taka keke a guje, tana bin injin da ya lalace.

"Kai, amma rediyon nan ya cuce ni," ta faɗa a fili.

Wata yarinya a gefenta ta juyo. Anti Tela ba ta kula ta ba. Ta tsayar da ƙafar, ta jira shi, sannan ta bi shi a yadda yake tafiya. Sai a baiti na biyu suka daidaita. Daga nan har ƙarshe ba ta kuskure ko taku ɗaya ba, kuma ba wanda ya kira ta.

Da ta fito, Lauya na nan inda aka bar ta, ta haɗa gumi, ta riƙe ƙullin da hannu biyu kamar jariri.

"Anti, Mama ta kira sau huɗu. Ta ce ki dawo ki kwana a gida, an gyara miki ɗaki. Kuma akwai ɗan saƙo da za ki koma wa Kawu da shi."

"Ki gaishe ta. Ina da ɗaki. Ki kai mini jakata masauki kafin ki wuce liyafarki. Saƙon kuma a ba direban mota."

Ta karɓi ƙullin, ta warware, ta duba bakin almakashin a hasken yamma. Sai idonta ya faɗa kan hannun rigar Lauya, inda wani ɗan zare ya leƙo.

"Tsaya, kada ki motsa," ta ce.

Ta kama zaren da yatsa biyu, ta datse shi, ta naɗe almakashin ta mayar jaka.