Na'urar da Kawu Ya Zuba wa Kuɗin Shinkafa

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa, na san akwai manya a nan, ni kuma ban saba rubutu a bainar jama'a ba. Yawan tambayar inda na shige ne ya sa na daure.

A aji abin ya fara. Ina zaune sai zuciyata ta kama gudu, idona ya yi duhu. Kafin Baba ya samo keke daga Arkilla zuwa asibiti, ta lafa. A auna ni, a ce lafiya lau. Kuɗin kati da na gwaji dai suna ta tafiya.

Aka ce tsoron jarrabawa ne. Ni kuwa tsorona in faɗi wata rana ba a san dalili ba.

Ƙanen Innata, Kawu Sanusi, manomi ne a Wamakko. Ya zuba kuɗin girbinsa a wani ƙaramin kamfani mai haɗa na'urar da ake mannawa a ƙirji, ta wuni ta kwana tana sauraren zuciya. Inna ta sha yi masa tsiya: "Sanusi, bana mi za ka ci? Batir?"

Shi ya kai wa likita maganar. Ta yarda a gwada, ta manna mini na'urar, ta ce kada a cire.

Amma duk za ni Islamiyya sai Inna ta ɓalle ta. "So kike a ce ƙuntata miki muke har kin kamu da ciwon zuciya?"

Sakamako ya fito babu komai. Kawu ya sunkuyar da kai.

Da likita ta ji yadda aka yi, ta dubi Inna. "Hajiya, wanga ba ciwon baƙin ciki ba na. Bugun ne ke ɓata hanya. Bari mu kama shi."

Washegari Inna da kanta ta gyara mini hijabi a kan na'urar. A hanyar Islamiyya abin ya taso, na'urar ta kama.

Ranar da likita ta nuna mana layin bugun zuciyata da na'urar ta ɗauka, kuka na yi, na daɗi. Ashe ba ƙarya nake ba.

Yanzu ina shan magani, na koma aji. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa Kawu, da likita, da Inna.

Don Allah, in jikinku ya faɗa muku abu, ku koma asibiti ko an ce lafiya lau. Abin da likita ya manna kuma, a bar shi.

In ban gundure ku ba, kun yarda in ƙara rubutu wata rana?