Akwatin da Ban Rubuta a Littafin Sito Ba

Lokacin da abin ya faru ni ne mai kula da sito a wata ma'aikata a Gusau, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Daga siton taki aka ɗauko ni, ga ni da girman kai, na tsani a ce ban san abu ba. Da aka kawo kwamfutoci aka ce in rubuta lambar kowace da inda aka kai ta, har na ofisoshinmu na Tsafe da Bunguɗu. Ni kuwa a ganina mai kama da talabijin ɗin nan ita ce kwamfuta, akwatin da ke gefenta na'urar daidaita wuta ce kawai. Lambar talabijin na bi na rubuta, ban tambayi kowa ba.

Ran nan wani dattijon direbanmu, mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya, ya kawo mini akwatin Bunguɗu ya ce gyara za a yi. Na tura shi lungu cikin matattun fankoki, ban rubuta ba, ruwan damina ya yi ta ɗiga a kansa. Bayan wata biyu aka turo injiniya da kwamitin bincike. Ya zauna gaban kwamfuta ɗaya yana ganin duk waɗanda aka haɗa da waya a ofishin, sannan suka zaga Tsafe da Bunguɗu, suka dawo suka ce ta Bunguɗu ta ɓata, wai direbanmu aka ba ya kawo gyara. Direba ya ce ni ya ba. Na buɗe littafi na rantse ban taɓa karɓar kwamfuta ba, wallahi a lokacin gaskiyata nake faɗa. Aka tafi da shi aka tsare, zamanin soja ne, ba a wasa da kayan gwamnati.

Washegari na ga injiniyan ya dafa irin akwatin nan yana cewa ai wannan ce kwamfutar, talabijin madubi ne kawai. Innalillahi! Nan take na tuna akwatin da na tura lungu. Kwana huɗu na yi shiru. Ko ƙarar mota na ji a ƙofar gida sai in ce ni aka zo ɗauka, abinci ya ƙi shiga, har na yi tunanin jefa akwatin a kogi. Ranar da matar direban ta zo ofis ta durƙusa tana roƙona in ƙara tunawa, na kasa jurewa, na ɗauko akwatin duk tsatsa na kai wa kwamiti.

Ni mayar da ni siton taki kawai aka yi. Shi kuwa direban ya fito yana ɗingishi, bai ƙara iya taka kulocin mota ba. Na je gidansa a ƙauyen Wanke, ya ce ya yafe rashin sani, amma kwana huɗun nan sai mun je gaban Allah.

Jama'a, in an damƙa muku abin da ba ku sani ba, ku tambaya, ko da za a yi muku dariya. In kuma kun gane kuskurenku, ku faɗa a ranar, kada tsoro ya sa wani ya kwana a madadinku. Dattijon nan ya rasu bara, ban samu ya janye maganarsa ba.