Haka Kwamfuta Ta Ce

Ranar wata Laraba a watan Yuni, ina aji biyar na sakandare, Malam Isiyaku ya tura mu ɗakin kwamfuta uku-uku, rufin yana yoyo cikin bokiti a bayan ƙofa. Kwamfuta ɗaya ce tal a makarantarmu ta Kumbotso, kowa minti goma yake samu. A cikinta akwai manhajar koyon daidaita lissafin redoks: wani sinadari ya saki ilektron, wani ya karɓa, kai kuma ka cike lambobi har ɓangarorin biyu su zo daidai. In ka dace, allon ya yi kore. Ni kuwa uwar wayo, a ranar na gano cewa in na yi ta canza lambobi, biyu, uku, shida, ƙarshenta dai sai ya yi koren. Ban gane komai ba, amma aji ya ɗauka cewa ni Hadiza gwana ce.

Labarin ya riga ni zuwa gida. Yayana Sani lebura ne a wani kamfanin jima a Challawa, shi ke juye sinadarai cikin gangunan fata. Kullum yakan dawo da tari, tafin hannunsa duk ya tsattsage, Inna kuma can bayan turken awaki take shanya kayan aikinsa saboda wari. Sai aka ce za a ɗauki lebura ɗaya zuwa ɗakin gwaje-gwajen kamfanin, amma sai an yi jarrabawa. Ya same ni ina wanke-wanke, ya tsuguna ya ce, "Tunda kin iya, ki fitar da ni daga gangunan nan."

Wata guda muka yi a zaure bayan la'asar, ina rubuta masa da gawayi a daɓe amsoshin da na kwafo daga allon, shi kuma yana haddacewa. In ya ce, "To me ya kawo shida nan?" sai in ce, "Haka kwamfuta ta ce." Ya gyaɗa kai. Sau da yawa gaskiya ta zo mini har baki, amma daɗin yadda yake kallona ya hana ni faɗa.

Ranar jarrabawa aka ba su wasu sinadarai dabam. Ya dawo ya jingine kekensa, ya ce, "Tawa ƙwaƙwalwar ce ta tsufa, ke kin yi ƙoƙari." Shekara shida ya ƙara a bakin gangunan kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwanciyar da bai tashi ba.

Yau ni ke koyar da kemistiri a Zawaciki, kuma kusan kowane ɗalibi na da irin manhajar a waya. Nakan sa su kife wayar su yi mini bayani da baki, suna ta ƙunƙunin na cika tsanani. Yanzu da na iya amsa tambayar, mai yin ta ba ya nan. Har ya rasu yana zaton shi ne bai da kai.