Jan Zaren da Na Yanke Daga Hoto

Lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki, ina aikin sakatariya a Filinge, kuma ni kaɗai ce mace a ƙungiyarmu ta masu manhajar nan da kowa ke da 'yancin gyarawa da rabawa kyauta. Ran Asabar muke haɗuwa a wani ɗakin lakwal, wato makaranta, muna koyar da mutane. Duk baƙon da ya zo daga Yamai, ni ake nuna masa, kaina kuwa ya kumbura.

Ni na matsa aka yi dokar da za ta jawo mata: wadda ba ta son a ɗauke ta hoto ta ɗaura jan zare a hannu, wanda ya saɓa ya bar ƙungiya. Da wannan alkawari na je har Bonkuku na lallashi wani dattijo ya bar matar ɗansa, wata malamar lakwal, ta riƙa zuwa. Ya ce amana ya ba ni, kada fuskarta ta yi yawo a salular maza.

Ta zo, tana kirana Yaya, ta kama fassara manhajar zuwa Hausa da Zabarmanci, kowa sai zancenta. Ranar da aka ce ita za ta wakilce mu a taron Yamai na tafa da kowa, amma raina kamar an zuba barkono. Kishi ne tsagwaronsa. Tana tsaye da jan zarenta a hannu tana dariya da wani ɗan ƙungiya na ɗauke ta hoto, na yanke hoton daidai inda zaren yake, na sa a shafinmu na intanet. Hoton ya riga ta isa gida. Ba ta sake zuwa ba, sauran matan ma suka janye. Da aka tambaye ni na ce ban ga zare ba, ga hoto nan shaida. Aka yarda, aka tura ni Yamai, na yi bayanin dokar jan zare ana ta tafi.

Bara muka haɗu da malamar a kasuwar Baleyara. Ta riƙe hannuna ta ce kada in damu, ta san kuskure ne. Na kasa kallon idonta.

'Yan'uwa masu shirya taro, kafin ku buɗe wa wasu ƙofa ku tambayi zuciyarku ko za ta jure idan wanda ya shigo ya fi ku. Tawa ba ta jure ba. Na samu abin da na nema, har yau ni kaɗai ce mace a ɗakin nan.